TSOHUWAR AZURFA DA TARIHI: DAGA DINARIN RUMAWA ZUWA LIYARIN ƘASAR ZAMFARA

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin darajar tsohon abu, shi ya sa ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma in aka zo kan tsohon kuɗi sai a tarar hukuncinsa ya sha bamban. Da zarar hukuma ta ce kuɗi ya daina ci, to, ya zama abin wasan yara ke nan, in kuwa na azurfa ne sai a miƙa wa maƙerin fari ya narke shi ya yi zobe ko munduwa. A waɗansu ƙasashe kuwa akwai mutanen da suka mai da tara tsofaffin kuɗi wani fanni na ilmi mai zaman kansa, suna aunawa, suna karantawa, suna rubuta littattafai a kai. Daga cikin kuɗin da suka fi nema akwai tsabar azurfa ta daular Rumawa, wadda ake kira dinariyus.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana mene ne wannan kuɗi, da abin da ke sa masu tara shi su fifita wata tsaba a kan wata, sa'an nan ta nuna cewa ƙa'idojin da suke bi su ne muke bukata a kan tsofaffin kuɗinmu na azurfa da suka rage a hannun tsofaffi a garuruwa irin su Talatar Mafara da Bakura da Maradun da Gidan Goga.

Sunan da ya riga kuɗin isowa

Mulkin Rumawa, watau daular da ta tashi daga birnin Roma na ƙasar Italiya, ya mamaye gaɓar Afirka ta Arewa, amma bai ƙetaro Sahara ba, kuɗinsu kuma bai taɓa zama abin ciniki a kasuwannin ƙasar Hausa ba. Duk da haka sunan kuɗin yana bakinmu kullum. Kalmar dinariyus ita ce Larabawa suka ara suka ce dinar. Sai dai a wurinsu sunan ya koma kan tsabar zinariya, musamman bayan da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira. Daga littattafan fiƙihu kalmar ta shigo mana. Duk lokacin da malami ya ce nisabin zakka dinari ashirin ne, ko mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, to, sunan kuɗin Rumawa ne ya ambata. Masana harshe kuma suna ganin ita kanta kalmar zinariya daga dinar ta samo asali, kamar yadda kalmar azurfa ta zo mana daga harshen Abzinawa.

Akwai kuma wata hanya ta biyu da sunan ya biyo. Duk wanda ya yi makarantar boko kafin shekarar 1973 ya san cewa da harafin d ake rubuta kwabo a lissafin kuɗi, watau 3d taro, 6d sisi. Wannan d ɗin harafin farko ne na dinariyus, Ingilishi suka gada, su kuma suka kawo mana. Ashe ke nan sunan ya iso mu sau biyu, sau ɗaya ta hannun malaman zaure, sau ɗaya ta hannun Turawan mulki.

Dinarin Rumawa

An fara buga dinarin azurfa a wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), a tsakiyar yaƙin da Rumawa suka yi da Hanibal, jarumin birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yanzu. Ma'anar sunan ita ce mai goma, domin a farko tsaba ɗaya tana daidai da manyan kuɗin tagulla guda goma. Ƙaramar tsaba ce, faɗinta kusan na tsohon sisi, nauyinta a farko wajen giram huɗu da rabi, daga baya ya sauko ƙasa da giram huɗu kaɗan. A zamanin Sarki Agustus albashin soja na shekara dinari 225 ne, dinari 25 kuma su ne tsabar zinariya ɗaya.

Ba zuba shi ake yi a cikin mazubi ba, bugawa ake yi. Maƙeri zai ɗora gutsuren azurfa a kan hatimi na ƙasa, ya aza hatimi na sama, ya sauke masaba. Da hannu ake sassaƙa kowane hatimi, saboda haka da wuya a sami tsaba biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Fuska ɗaya takan ɗauki kan mutum ko na abin bautarsu, ɗayar kuma wata alama ta nasarar yaƙi, ko gini, ko alkawarin da mai mulki ke yi wa talakawa. A zamanin da babu jarida babu rediyo, kuɗi shi ne sanƙiran sarki, yana shiga kowace kasuwa da kowane aljihu. Yuliyus Kaisar shi ne ya fara sa hoton kansa a kan kuɗin birnin Roma tun yana da rai, a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a cikin wannan shekara aka kashe shi.

Abin da ya fi ba masu nazari amfani a tarihin dinari shi ne yadda azurfarsa ta yi ta raguwa. A shekara ta 64 Miladiyya Sarki Niro ya rage nauyinsa, ya kuma ƙara masa jan ƙarfe. Sarakunan da suka biyo baya suka ga ashe hanya ce mai sauƙi ta biyan soja in baitulmali ya yi ƙasa, sai kowa ya zo ya ɗan rage. A zamanin Septimiyus Seberus, wanda haifaffen Libiya ne, ya kuma yi mulki daga 193 zuwa 211, azurfar ta koma wajen rabi. Ɗansa Karakalla ya fito da wata sabuwar tsaba a 215 wadda ake ɗauka a kan dinari biyu, alhali nauyinta na ɗaya da rabi ne. Kafin shekara ta 270 abin da ake kira kuɗin azurfa ya zama jan ƙarfe mai ɗan shafen fari a sama, azurfar cikinsa ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba. Kaya suka yi tsada, har Sarki Diyokiletiyan ya yi dokar ƙayyade farashi a 301, dokar kuwa ba ta yi ƙarko ba. Talakawa ba su karanta littafin tattalin arziki ba, amma sun gane abin da ake ciki: suka riƙa kashe sabon kuɗi mai gami, suna binne tsoho mai kyau. Wannan binnewa ita ce ta tsare mana dubban tsabobi har yau.

Me ke sa tsaba ta yi daraja?

Mai karatu zai yi tsammanin duk kuɗin da ya shekara dubu biyu dukiya ce mai yawa. Ba haka abin yake ba. Rumawa sun buga dinari miliyoyi barkatai, ana kuma tono su da yawa. A shekarar 1929 an tono wata taska a Reka Debniya ta ƙasar Bulgeriya mai ɗauke da tsaba fiye da 80,000. Saboda haka tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Abubuwa huɗu masana ke dubawa.

Na farko shi ne ƙaranci. Sarkin da ya daɗe a kan mulki kuɗinsa na da yawa, wanda bai daɗe ba kuwa nasa kaɗan ne. Oto ya yi wata uku kacal a shekara ta 69. Fertinakis bai cika wata uku ba a 193. Gordiyan na Ɗaya da ɗansa, waɗanda aka naɗa a Afirka ta Arewa a 238, mulkinsu bai kai wata guda ba. Dinarin irin waɗannan shi ake rububi.

Na biyu shi ne lafiyar tsabar, watau ko rubutun ya fito sosai, ko hatimi ya sauka a tsakiya, ko hannu ya cinye fuskar. Masu wannan ilmi sun fi son tsaba da duhun tsufanta a kan wadda aka goge tana ƙyalli, domin gugar tana tafiya da zanen da ba ya dawowa.

Na uku shi ne labarin da tsabar ke ɗauke da shi. Mafi shahara a nan shi ne dinarin da Burutus ya buga a shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa. A bayansa akwai wuƙaƙe biyu, da hular da ake sa wa bawa ranar da aka 'yanta shi, da kuma ranar da aka kashe Kaisar, watau 15 ga watan Maris. Mai kisan ne da kansa yake shelar abin da ya aikata, yana cewa 'yanci ya kawo. Waɗanda aka sani na azurfa wajen ɗari ne kawai a duniya.

Na huɗu, wanda kuma shi ne ginshiƙin wannan maƙala, shi ne asali: ina aka samo tsabar, yaushe, da me aka same ta, kuma ta hannun wa da wa ta biyo? Almajirin Hadisi ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin daidai yake da isnadi. Matani ko ya yi daɗin ji, in isnadinsa ya yanke, ƙarfinsa ya ragu. Alal misali, taskar Bulgeriya da aka ambata, da yake an san inda aka tono ta, kuma an ga cewa tsabobinta na ƙarshe na tsakiyar ƙarni na uku ne, masana sun iya danganta binne ta da hare-haren da aka kai wa yankin a wancan zamani. Da a ce an rarraba ta a kasuwa ɗaya-ɗaya ba tare da an rubuta kome ba, da azurfar tana nan, amma shaidar ta tafi.

Rashin isnadi yana jawo asara ko ga mai kuɗi. A watan Oktoba na 2020 an yi gwanjon irin wannan kuɗi na Burutus, amma na zinariya, a birnin Landan, aka saye shi fam miliyan uku da ɗoriya. Daga baya bincike ya nuna takardun asalinsa na ƙarya ne, hukuma ta karɓe shi, aka mayar wa ƙasar Girka a 2023.

Sai kuma matsalar jabu, wadda ta girmi masu tara kuɗin. Tun a zamanin Rumawa akwai masu lulluɓe jan ƙarfe da fallen azurfa. A ƙarni na goma sha tara wani Bajamushe mai suna Karl Beka ya sassaƙa hatimai na ƙarya da gwanintar da ta ruɗi manyan masana. Makaman mai bincike su ne ma'auni, da madubi mai ƙara girma, da littattafan da aka jera kowane irin bugu a ciki, kamar wanda Maikel Kurofod ya wallafa a 1974 a kan kuɗin zamanin jamhuriyar Roma. Tsabar da aka zuba a mazubi takan nuna ƙananan ramuka a fuska da layin haɗi a gefe, abin da bugaggiya ba ta da shi.

Iyakar inda ya zo

Dinarin Rumawa ya yi tafiya nesa da gida. An tono shi da yawa a kudancin Indiya, inda fatake ke kai shi sayen barkono. Ta fuskar kudu kuwa Rumawa sun yi hulɗa da mutanen Jarma ta ƙasar Fazzan, wani lokaci da yaƙi, wani lokaci da ciniki. A kabarin Tin Hinan da ke Abalasa a duwatsun Hoggar na Aljeriya, wanda aka buɗe a 1925, an sami fallen zinariya mai ɗauke da shatin kuɗin Sarki Kustantin. An kuma tsinci ɗaiɗaikun tsabobi a wurare kaɗan cikin Sahara. Sai dai masana suna taka-tsantsan da irin wannan tsintuwa, domin tsabar da aka ɗauka a kan rairayi ba ta faɗin ranar da ta zo. Mai yiwuwa ayarin zamanin Rumawa ne ya yar da ita, mai yiwuwa kuma wani matafiyi ne na shekaru ɗari da suka wuce. A nan ma maganar ta koma kan isnadi.

Azurfar da ta zo mana

Kuɗin ƙasar Hausa na da shi ne wuri, wanda asalinsa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya yake. Da shi ake lissafin zangu da zambar, har zuwa keso mai wuri 20,000. Tsabar azurfar da ta fara zama sananniya a wurinmu ita ce liyari, watau dalar Sarauniya Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya, wadda fataken Larabawa suka riƙa kawowa ta hanyar Tarabulus da Gadamus. Babbar tsaba ce, nauyinta giram 28, azurfar cikinta kuma kashi 833 cikin dubu. Lokacin da Bajamushen nan Henrik Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. Shi ne kuma ya ratsa ƙasar Zamfara a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Wurno da Sakkwato. Daga baya, da Turawa suka yi ta jibge wurin gaɓar Zanzibar a bakin teku, darajar wuri ta faɗi, mai dukiya ya ga gara ya adana ta a liyari. Daga nan ta shiga kayan adon mata, ana huda ta ko a yi mata kunne a rataya a wuya ko a kitso, musamman a wurin matan Fulani.

Liyari tana da wani darasi da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma da yake 'yan kasuwa sun saba da kuɗin, ba sa karɓar wani, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗin ba canji. An buga shi a Biyana, daga baya kuma a Roma da Faris da Landan da Bombai, har cikin ƙarni na ashirin, duk da 1780 a jiki. Saboda haka wanda ya ga wannan shekara ya ce kuɗinsa ya haura shekara ɗari biyu, wataƙila ya yi gaskiya, wataƙila kuma kuɗin bai girmi kakarsa ba. Rubutun da ke jikin kuɗi ba ya isa shaida shi kaɗai.

Bayan da Ingilishi suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sai suka dage a kan a biya haraji da kuɗinsu. A 1907 aka fito da kwabo da anini masu huji a tsakiya. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta fito da dala da sule da sisi da taro na azurfa mai kyau a 1913, sulen yana ɗauke da hoton bishiyar kwakwar manja. Ba a daɗe ba abin da ya sami Rumawa ya same mu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada, a 1920 aka rage ta zuwa rabi, a cikin shekarar kuma aka koma buga kuɗin da gamin tagulla. Abin da ya ɗauki Rumawa shekara ɗari biyu, a nan bai kai shekara goma ba. Jama'a kuma suka yi daidai da yadda talakawan Roma suka yi, suka ɓoye farin sule, suka kashe ja. Kuɗin Nijeriya na kanta ya fito a 1959, naira da kwabo kuma a ranar 1 ga Janairu 1973. Kuɗin sun tafi, amma sun bar sunayensu a harshe, har gobe ana cewa ba ni da ko anini, ko sisin kwabo, ko wuri na gugar wuri.

Abin da ke salwanta

Ragowar liyari da farin sule suna nan a cikin adudu da akwatunan tsofaffi, amma kullum raguwa suke yi. Maƙeri yana sayensu a kan nauyi, wuta kuwa ba ta san tarihi ba. Ƙasar ma ba ta tsira ba. Madatsar ruwan Bakolori da aka gama a 1978 ta shafe gonaki da tsofaffin matsugunai a ƙasar Maradun. A shekarun 1990 masu haƙar kayan tarihi ba bisa ƙa'ida ba sun yi wa wurare irin su Kwatarkwashi ɓarna, aka fitar da abin da aka samu zuwa ƙasashen waje ba tare da an rubuta inda aka same shi ba. Rashin zaman lafiya da ya addabi Zamfara tun daga wajen 2011 kuma ya tayar da ƙauyuka da dama, wanda ke gudun ceton rai kuwa ba a tambayarsa ina kayan kakarsa.

Mafi saurin salwanta ma ba ƙarfen ba ne, labarin ne. Liyari iri ɗaya ce ko'ina, ana samun ta da araha a kasuwannin duniya. Abin da ba a samu ko'ina sai a bakin tsohuwar da ke riƙe da ita shi ne cewa kakanta ne ya zo da ita daga fataucin goro a Gwanja, ko daga aikin Hajji ta ƙasa, ko kuma a sadakin uwarta aka bayar da ita. Wannan shi ne isnadin kuɗin, ranar da tsohuwar ta rasu kuwa ya yanke.

A nan ne aikin ya zama namu, mu ɗaliban harshe da al'ada, domin mu ne aka koya wa ɗaukar bayani daga bakin dattawa. Ɗalibin da ya je hutu Gidan Goga ko Bakura ba ya bukatar ya sayi kome. Littafin rubutu da ma'auni da abin ɗaukar hoto sun ishe shi. Ya nemi izinin masu kayan, ya ɗauki fuska biyu na tsabar, ya rubuta nauyi da faɗi da abin da ke rubuce a jiki, da sunan da mutanen wurin ke kiranta da shi, da yadda ta shigo gidan, da lokutan da ake sa ta. Kada ya goge ta da toka ko lemon tsami ko yashi. In kuwa a ƙasa aka tono, to, ya rubuta wurin da zurfin da tukunyar da aka same ta a ciki, kada a rarraba kafin a ƙirga. Fiƙihu ya yi wa binnanniyar dukiyar mutanen da hukunci a babin rikazi, dokar ƙasa ta 1979 kuma, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen kayan tarihi, ta wajabta a sanar da hukuma, ta kuma hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba. Wurare irin su Gidan Makama a Kano da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato don irin wannan aka kafa su.

Kammalawa

Mun ga cewa dinarin Rumawa bai zo ƙasar Hausa a matsayin kuɗin ciniki ba, amma sunansa ya zo ta hanyar fiƙihu da ta lissafin boko. Mun ga kuma cewa masu tara shi suna auna darajarsa da ƙaranci da lafiya da labari da asali, kuma asali shi ne ke mai da ƙarfe ya zama shaida. Tarihin kuɗinmu, daga wuri zuwa liyari zuwa farin sule, ya bi irin turbar da na Rumawa ya bi, sai dai su an rubuta nasu tsaba-tsaba, namu kuwa yawancinsa yana bakin tsofaffi. Masu iya magana sun ce rashin sani kaza ta kwana a kan dami. Shawararmu ita ce sashe ya sa nazarin sunayen kuɗi da tsofaffin tsabobi cikin batutuwan kundin kammala karatu, a raba wa ɗalibai gundumomi, a tattara abin da suka samo a wuri ɗaya, tun masu labarin suna nan da ransu.